Ranar da Na Kalli Bahar Rum Daga Sama

Kwanana huɗu da zuwa ganin gida, bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida. Shinkafa ta nuna a fadama, sauro ya yi yawa kamar yadda ya saba a ƙasar Auyo idan damina ta ja baya, an hura hayaƙi a kasko. Ɗan Yayana ya karɓi wayata yana ta duba hotuna, can sai ya tsaya a kan wani ya miƙa wa Baffa.

Baffa ya matso da wayar kusa da idonsa. "Nan kuma ina ne?"

"Wani dutse ne a bakin teku, Baffa. Mun hau ni da abokaina."

"Aiki aka ba ku a can?"

"A'a."

"To wani kuka je gaisarwa?"

"A'a Baffa, tafiyar kawai muka je yi."

Ya yi shiru. Na san abin da ke ransa, domin ni ma da shi na tashi. A wajenmu ba a taka ƙasa a banza. Ko gona, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa, ko bin sawun akuyar da ta ɓata. Kakanmu ya je Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya, kuma kowa ya san abin da ya je nema. Mutum ya biya kuɗin mota don ya je ya gajiyar da kansa a kan dutse, wannan sai an yi bayani. Daren nan na yi musu bayanin, shi ne nake son in rubuta.

A 2016 na shiga Italiya, ta hanyar da kowa ya sani: Agadas, hamada, Libiya, sai kwalekwalen roba. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Daga sansanin baƙi na gangara kudu da Salerno, wajen Batipaliya, inda ake noman ganyen salak a cikin rumfunan leda. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tamu, sai dai duk inda ka duba leda ce fara. Shekara da shekaru hanya uku kawai na sani: ta ɗaki, ta gona, da ta ofishin takardu. A 2020 gwamnati ta buɗe ƙofa ga ma'aikatan gona da na gidaje marasa takardar zama, mai gonarmu ya shigar da sunana, aka yi ta jira har Allah ya sa ta fito. Ranar da na riƙe katin a hannuna na ɗauka shi ke nan na zauna. Ashe da saura. Ina da izinin zama a ƙasar da ban taɓa kallo ba, domin duk shekarun nan kaina a sunkuye yake, ko a kan ganye ko a gaban jami'i.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, ya daina aiki, nakan ɗaukar masa tukunyar gas in hau masa da ita bene. Asalinsa mutumin Ajerola ne, wani gari a kan duwatsun da ke saman Amalfi, garin da ke bakin teku. Wata rana ya tambaye ni ko na taɓa zuwa can, na ce ko Salerno sai in takarda ta kai ni. Ransa bai yi daɗi ba. Ya jawo bayan wata takardar kuɗin wuta ya zana mini layi, ya rubuta Bomerano a wannan bakin, Nocelle a wancan, ya ce wannan turba ce da iyayensa suka bi da alfadarai tun babu titin mota. Sunanta Sentiero degli Dei, wato hanyar alloli. Da na faɗi haka Baffa ya ce a'uzu billahi. Na ce masa tatsuniya ce ta mutanen dā, ta zamanin Girkawa, sunan ne kawai ya rage, kuma ni abin da na gani a can ikon Allah ne tsantsa.

Mako uku muka yi muna shirya tafiyar yini ɗaya, ni da abokan ɗakina biyu, ɗaya ɗan zangon Kumasi, ɗaya Badamagare. Kuma in gaya muku gaskiya, shirin ya kusa fin tafiyar daɗi. Shi ne karo na farko da na zauna ina lissafin wani abu a ƙasar nan wanda ba kuɗin haya ba ne, ba ranar komawa ofis ba.

Dattijon ya dage a kan abu uku. Na farko, a faro daga Bomerano a nufi Nocelle, kada a juya. Bomerano na sama da mita 600 daga doron teku, Nocelle ta fi ta ƙasa, don haka yawancin tafiyar gangara ce, kuma kallon yana gabanka. Na biyu, kada a je a watan Yuli ko Agusta, domin rabin hanyar babu inuwa, farin dutsen kuma yana mayar da zafi. Na ce masa ni ɗan Jigawa ne, na san rana. Ya ce ranar fili daban, ranar da ke dukanka alhali rami na gefenka daban. Na uku, idan an yi ruwa jiya, a fasa, dutsen santsi yake yi. Sai muka tsayar da wata Lahadi a farkon Oktoba, muka riƙa duba hasashen yanayi a waya kullum dare.

Lahadi ce kaɗai ranar hutunmu, kuma a nan matsalar take, domin jadawalin bas na Lahadi daban yake, motocin ba su da yawa. Na kwafe lokutan a takarda da biro don kada waya ta mutu. Jirgin ƙasa daga Batipaliya zuwa Salerno, bas daga Salerno zuwa Amalfi, wani bas ɗin kuma ya hau da mu Bomerano. Tikiti a shagon sigari ake saye tun kafin a shiga, mun saya tun ranar Asabar. Ita turbar kanta kyauta ce, ba mai karɓar ko sisi. Tsawonta ya kusa kilomita 7, ana yin ta a awa uku zuwa huɗu in ba a gaggawa. Takalmi kuwa, ɗan Kumasi ya so ya sa silifas, dattijon ya ce in haka ne ya zauna a gida. Muka sa takalman aikinmu masu gurzajjen ƙasa. Ruwa lita bibbiyu, har da na alwala. Guzuri burodi, dafaffen ƙwai, kifin gwangwani da dabino, saboda abin da ake sayarwa a hanya sau da yawa akwai naman alade a ciki. Lambar neman agaji 112, kowa ya haddace.

Wajen komawa ne muka yi gardama. Daga Positano, garin bakin teku da ke ƙasan Nocelle, akwai jirgin ruwa da ke kai mutum Salerno kai tsaye, ya fi bas sauƙi nesa ba kusa ba. Da na ambata, Badamagaren ya ajiye cokalinsa ya ce shi da ruwan nan sai dai a lahira. Ƙaninsa a ciki ya rage. Ba wanda ya ƙara magana. Na soke jirgin daga takardata na rubuta bas. Ni kaina sai da na ji sanyi a raina, domin tun da na sauka daga kwalekwalen nan ban ƙara zuwa bakin teku ba, alhali tsakaninsa da gonarmu tafiyar keke ce.

Mun fita bayan asuba. Titin Salerno zuwa Amalfi bai wuce kilomita 25 ba amma ya ci fiye da awa guda, lanƙwasa bayan lanƙwasa, direba na danna hon a kowace kwana. Na zauna a ɓangaren dutse, ban kalli taga ba. A Bomerano muka cika gorunanmu a famfon dandali, muka sayi cukun garin, fari mai laushi na nonon saniya, wanda ya tuna mini da na Fulanin da ke sauka bayan garinmu da rani. Daga nan muka bi alamar fenti ja da fari da ake shafawa a jikin duwatsu, lamba 327.

Ba a yi nisa ba sai ga tsofaffin ɗakuna an gina su a cikin jikin dutsen, kamar sheƙar tsuntsu, babu kowa ciki. Sai kuma gonakin. A nan na tsaya har abokaina suka gaji da jirana.

Baffa, na ce, ka san yadda muke fama da ruwa. Kogi ya cika, mu fita gayya mu ɗaga jinga da buhunan ƙasa, wata shekarar mu ci nasara, wata shekarar kamar 2022 ruwa ya shanye komai. To su can ba ruwa ke cinye musu gona ba, ƙasar ce ke gudu, tana zubewa teku. Sai suka yanka dutsen hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa suka tare shi da katangar duwatsu, babu siminti, babu laka, dutse ne a kan dutse an zaɓa an jera. Da gangan suka bar ƙofofi a tsakani, ruwan sama ya tsiyaye ya wuce, ƙasa ta zauna. Wani hawan faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, amma an dasa inabi, an kafa masa rumfar sanduna, a ƙarƙashi ga wake ga tumatir. Can ƙasa inda ya fi ɗumi lemon tsami ne, manya masu tsini, kuma har yau a baya ake sauko da su ta matakala, akwati guda ya kai nauyin buhun siminti. Na sa hannu na taɓa wata katanga, na ga inda ta rushe aka sake jera ta, sabon dutse ya fi haske. Wani ne ya durƙusa a nan ya yi wannan aikin, a bakin ramin da in ka jefa tsakuwa ba ka jin faɗuwarta. Wasu gonakin kuma ciyawa ta cinye su, katangun sun zube, masu su sun tafi birni ko ƙasar waje. Wannan ma na gane shi, ba sai an fassara mini ba.

Tun da na zo ƙasar nan kallon masu kuɗi nake yi wa Turawa, mutanen ofis da mota. A kan dutsen nan na ga ashe jikokin manoma ne da suka sha wuya irin tamu. UNESCO ta sa wannan gaɓar teku cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, baƙi na ta zuwa ɗaukar hoton gidaje masu launi. Ni dai katangun nan ne suka kama ni. Mun haɗu da wani makiyayi da garken awaki, ƙararrawa a wuyansu, muka manne da dutse suka wuce. Na gaishe shi da harshensu na tambaye shi ko suna samun ciyawa da rani. Ya dube ni da kyau, ya gane tambayar mai kiwo ce, muka tsaya hira kusan minti goma.

Bayan mun wuce wata 'yar mararraba sai dutsen ya buɗe. Ba inda za ka kai idonka sai ruwa. Ga shi can ƙasa, shuɗi, lumui, jiragen da ke kansa kamar ƙwayar shinkafa. A gaba ƙananan tsibirai uku da ake kira Li Galli, can ƙarshen ƙasa kuma tsibirin Kapri a cikin hazo. Gwiwata ta yi sanyi, na zauna. Ruwan da na sani baƙi ne, yana da wari, yana shigowa ta ƙafa cikin dare mutane na salati. Ban taɓa sanin yana da wannan fuskar ba. Badamagaren ya zauna kusa da ni, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗaga hannu ya fara yi wa ƙaninsa addu'a. Muka shafa tare. Masu wucewa suka rage murya.

Inna da ke jingine da bango tana jin mu ta ce a ba ta wayar. Ta duba ta duba. "Wannan ne ruwan?" Na ce shi ne, Inna. Ta riƙe wayar a cinyarta, ba ta mayar ba sai da hasken ya ɗauke.

Mun yi azahar a wani ɗan fili kafin Nocelle, muka ci guzurinmu. Daga Nocelle akwai ƙaramin bas zuwa Positano, amma muka ce mu ƙarasa da ƙafa. Matakala sama da 1,500 ce, duk gangara, kuma ta fi turbar gaba ɗaya cin gwiwa. Wanda ke da ciwon gwiwa ya hau bas ɗin, shawarata ke nan. Positano kanta ba mu daɗe ba, tsada da cunkoso. Mun isa ɗaki bayan isha'i, washegari ƙarfe shida muna cikin rumfar leda, cinyoyi kamar an yi mana duka. Da yamma na hau wajen dattijon na nuna masa hoton katangar. Ya ce ta kusa da gonar kawunsa ce, ko ita ce ma. Tun daga ranar ya daina kirana yaro, sai da sunana.

Baffa bai tambaye ni komai game da tekun ba. Da za mu tashi ya ce, "Ka ce babu laka ko kaɗan?" Na ce babu, Baffa. Ya ce idonsa ba ya gani sosai da dare, in kawo masa hoton da safe. Da gari ya waye na same shi a zaure ya riga ya shirya, ya duba katangar da kyau a hasken rana, sannan ya ce in ɗauko fartanya mu je in ga inda jingarmu ta karye bara.