Godiya bayan wata 14 ina fama da kumburin gaɓoɓi

Alhamdulillahi. Yau da safe da hannuna na ɓalla maɓallin rigata. Wanda bai taɓa tashi da yatsu a sandare fiye da awa guda ba, ba zai gane daɗin wannan ba.

Godiya ta farko ga maiɗakina, wadda ta sha faɗan da ba ita ta jawo ba. Sai ƙanena da yake kai ni asibiti bai taɓa nuna gajiya ba, da ma'aikatan ɗakin gwaji da suka ɗebi jinina har suka san jijiyar da ba ta ɓuya.

Likitata kuwa, Allah Ya saka mata da alheri. Da maganin metotirezet ya kasa, na ce mata na gaji. Sai ta ɗauki takarda ta zana mini abin da ke faruwa. Ashe kumburi kariya ce da jiki ke tayarwa. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika saƙo da sinadaran da ake kira saitokin, irin su IL-6. Saƙon ba ya shiga cikin ƙwayar halitta, a bakin ƙofa yake tsayawa. Daga ciki akwai enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai suna JAK, su huɗu ne: JAK1, JAK2, JAK3 da TYK2. Shi ke karɓar saƙon, ya liƙa wani ɗan sinadari mai suna fosfet a jikin wani furotin da ake kira STAT, shi kuma STAT ɗin ya wuce cibiyar ƙwayar ya tayar da ƙwayoyin gado masu hura kumburi. A jikin mai lafiya, in an gama aiki sai a yi shiru. Nawa jikin kuwa kiran bai daina ba, har ya koma cin gaɓoɓina.

Ta sa ni a kan tofasitinib, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2012, mai toshe bakin JAK ɗin. Ba ta ɓoye mini komai ba: garkuwa za ta yi rauni, akwai haɗarin daskarewar jini, kuma sai da aka tabbatar ba ni da tarin fuka kafin na haɗiyi ƙwaya ɗaya. Don haka kada kowa ya ga rubutuna ya je ya saya da kansa.

Masu kira da masu addu'a, na gode, Allah Ya bar zumunci. Wata mai zuwa zan koma gwajin jini, a ci gaba da sa ni a addu'a.