Tambayar da nake yi kafin in miƙa maganin ciwon damuwa

Shekara 11 ke nan ina riƙe da ƙaramar farmasi a Maradi, kuma babu maganin da nake jinkiri kafin in miƙa shi kamar na ciwon damuwa. Waɗanda suka fi zuwa mini a rubuce su ne amitiriftilin, wanda aka fi sani da Laroxyl, da kuma fuluwoksetin. Ba na bayar da ko ɗaya sai da takardar likita, kuma ko takardar ta zo, sai na ji abin da mai ita yake sha ban da shi, domin mutanenmu ba su cika gaya wa likita abin da suka saya a hannun mai talla ba.

Bara wani ɗan kabu-kabu ya kawo takardar fuluwoksetin. Na ce masa, "Ƙanena, me kake sha da safe kafin ka hau babur?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya zaro katin tiramol daga aljihun riga, saura ƙwaya uku a jiki. Magungunan nan biyu kowane yana ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, idan suka haɗu kuwa suna iya kawo rawar jiki da gumi da zazzaɓi da ruɗewa, har da farfaɗiya, ga shi kuma mutumin yini yake yi ɗauke da fasinja. Na zaunar da shi a benci, na kira likitan da ya rubuta takardar, kuma ban ba shi komai ba sai da suka sake ganawa.

Da damina hankalina ya fi tashi, saboda kusan kowane gida akwai mai zazzaɓin cizon sauro. Takardar da ke cikin kwalin Coartem ta hana haɗa shi da amitiriftilin don gudun rikicewar bugun zuciya, shi ya sa duk wanda na san yana shan Laroxyl nake mayar da shi wurin likita ya zaɓa masa abin da ya dace. Haka ma dikulofenak da asfirin, waɗanda ake sha kamar gyaɗa, suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki ga mai shan fuluwoksetin.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mai daina sha da kansa. Maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi, wani sai ya jefar da shi a kwana na biyar, wani kuma ya yanke shi rana ɗaya bayan watanni, jiri da rashin barci su kama shi. Ina rubuta ranar komawa wurin likita a bayan kwali, kuma idan uwa ce ta karɓi Laroxyl nakan roƙe ta, "Hajiya, ki kulle shi a akwati," domin ƙwayoyi kaɗan sun isa su halaka ƙaramin yaro.