Ƙanwata mai son gudun fanfalaki, zauna mu yi magana

Duk yarinyar da ta zo mini da burin zama kamar Tigst Assefa, shahararriyar mai gudun fanfalaki ta Habasha, kafin in tambaye ta minti nawa take cinye kilomita biyar, nakan tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada. Wata ta sunkuyar da kai, wata ta yi dariyar kunya. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce mai amsawa da fara'a, wai ai tun da ta ƙara atisaye abin ya ɗauke, ta huta. Da bakina na taɓa ba da irin wannan amsa, kuma ita ce ta ci mini shekarun da ya kamata a ce na fi ƙarfi a cikinsu.

Ki dubi shekarun matan da suka yi suna a wannan sana'a. Derartu Tulu ta Habasha ta ci zinaren mita 10,000 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992 tana da shekara 20. Ta sake cinsa a Sidni a 2000, sannan ta lashe gudun fanfalaki na New York a 2009 tana da shekara 37. Constantina Dita ta Romaniya shekararta 38 lokacin da ta ɗauki zinaren fanfalaki a Beijin a 2008. Edna Kiplagat ta Kenya ta ci na Boston a 2017, ita ma tana da 37. Mace takan kai ganiyarta a dogon zango a makare, sai ƙafa ta sha hanya shekara da shekaru. Ni kuwa ina budurwa na ɗauka in ban yi fice a bana ba shi ke nan, an rufe ƙofa.

Wani mai horarwa ne ya dube ni wata rana bayan atisaye ya ce da zan ɗan rage nauyi da na fi haka. Bai zage ni ba, bai hana ni abinci ba, magana ɗaya ce ya yi ya wuce. Ni na ƙarasa sauran da kaina. Na sayi sikeli na ajiye a gindin gado, kullum da asuba sai na hau shi kafin in ɗaura takalmi. In an zauna cin abinci in yi ta juya cokali a faranti ina surutu, don kada a lura ban ci ba. Abin da ya sa tarkon ke kama mutum shi ne da farko yana aiki. Jiki ya yi sakayau, lokacina ya inganta, aka fara yabona. Daga baya sai sanyi ya addabe ni ko ana zafi, barci ya ƙi, gashi ya riƙa bin mataji, na zama mai saurin fushi, al'ada ta ɗauke.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan abin da kike ci bai kai abin da kike ƙonawa ba, jiki yakan rage kashe ƙarfi a kan duk abin da yake ganin zai iya jira, kuma haihuwa na cikin na farko. Sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ya yi ƙasa, shi kuwa yana cikin masu tsare ƙashin mace. Ƙashi kullum cikin rushewa da ginuwa yake, to sai rushewar ta fi ginuwar sauri, alhali kina dukan ƙasa da ƙafa sau dubbai a kowace fita. Kuma mafi yawan ƙarfin ƙashin da za ki rayu da shi kina tara shi ne tun daga ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu. Wanda ya zube a wannan lokaci ba lallai ya dawo duka ba. Kwamitin Olamfik na duniya ya raɗa wa wannan matsala suna RED-S a 2014. Mary Cain ta Amurka, wadda ta kai zagayen ƙarshe na mita 1,500 a gasar duniya ta Mosko a 2013 tana da shekara 17, ta fito a 2019 ta ce matsin da aka yi mata na rage nauyi ya sa ta shekara uku ba al'ada, ƙasusuwa biyar suka tsage a jikinta. Wannan yarinya ce da ke hannun manyan masana, balle ke da ni.

Nawa ya fara ne a ƙwauri. Wuri ne ɗan ƙarami da kan yatsa ɗaya zai rufe, in na danna sai in ji kamar an soka allura. Ciwon tsoka yakan bazu, kuma yakan lafa in jiki ya yi ɗumi. Wannan kuwa yana nan wuri guda, yana ƙaruwa da gudu, har da dare ina kwance yana zugi. Na sha maganin kashe zafi na ci gaba da fita don kada a ce na yi lalaci. Abin da hutun 'yan makonni zai warkar ya koma na watanni a kan sanda. In kin ji irin wannan, ki tsaya a ranar, ki je a ɗauki hoto. In al'ada ta yi wata uku ba ta zo ba kuma ba ciki gare ki ba, likita za ki gani, kocinki ba shi da hurumi a nan. Ki sa a riƙa auna miki jini kuma, domin ƙarancin sinadarin ayon mai gina jini ya yi yawa a tsakanin mata masu gudu, amma kada ki sha ƙwayarsa da ka, sai an gwada.

Sai gaggawar shiga fanfalaki. Na san dalili, a titi kuɗin yake. Amma kilomita 42.195 ba ta yi wa ɗanyen jiki sauƙi. Tigst Assefa da kike sha'awa mita 800 ta yi wa ƙasarta a gasar Olamfik ta Riyo a 2016. Sai a 2022 ta shiga fanfalaki, a 2023 ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53 a Balin. Saurin da ta tara a fili shi ta kai titi. Manyan kan yi fanfalaki biyu ko uku ne a shekara, kuma mafi yawan kilomitocin da suke tarawa a mako a hankali suke yinsu, gudun da za a iya hira a cikinsa. Ni ranar sassauci ma tsere nake mayar da ita, don kada wata a rukuninmu ta riga ni isa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, gaskiya ne, amma na gaji tun kafin ranar farautar.

Akwai abin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. An taɓa yi mini allura aka ce bitamin ce, ban nemi ganin kwalbar ba. Allah ne ya tsare. Dokar hana ƙwayoyin ƙara kuzari ba ta sauraron «ban sani ba», duk abin da aka samu a fitsarinki ko jininki ke za ki amsa shi. Rita Jeptoo ta Kenya ta rasa nasararta ta Boston ta 2014 saboda EPO, wani haramtaccen sinadari mai ƙara jini. Jemima Sumgong, mai zinaren fanfalaki na Riyo, an kama ta da shi a 2017. Ruth Chepngetich, mace ta farko da ta sauka ƙasa da awa 2 da minti 10, a Chicago a 2024, an dakatar da ita shekara uku a 2025. Ko maganin mura ne, ki ɗauki hoton kwalinsa, ki rubuta ranar da wanda ya ba ki. In kin kai matakin da masu gwaji ke bibiyarki, za ki riƙa ba su awa ɗaya a kowace rana da wurin da za su same ki, kuma kuskure uku cikin wata 12 laifi ne ko da jininki fes yake.

Maganar kuɗi ba na son yin ta, amma dole. Ɗan abin da na samu a hannun wani ya riƙa shiga, don ina jin nauyin in tambaya, kuma ban taɓa ganin lissafi ba. Nawa asara ce kawai. Agnes Tirop ta Kenya, wadda ta ci tagulla sau biyu a mita 10,000 na gasar duniya, an tsinci gawarta a gidanta da ke Iten a watan Oktoban 2021, aka gurfanar da mijinta. Rebecca Cheptegei ta Yuganda ta rasu a Satumban 2024, makonni kaɗan bayan ta yi gudu a Olamfik ta Faris, bayan tsohon saurayinta ya cinna mata wuta. Idan mutum ɗaya ne mijinki, shi ne kocinki, shi ke riƙe da fasfonki da katin bankinki, ranar da kuka saɓa ba ki da ƙofar fita. Asusu da sunanki, takardar fili da sunanki, fasfo a jakarki. In kuma ya dake ki, tun karon farko ki faɗa wa wani da zai iya tsaya miki.

Za a ce miki haihuwa ce ƙarshen gudu. Faith Kipyegon ta haihu a 2018, ta dawo ta ƙara zinare biyu na Olamfik a mita 1,500. Paula Radcliffe ta Ingila ta haihu a Janairun 2007, ta ci New York a Nuwamban shekarar. Inda matsalar take shi ne takarda. A 2019 'yan gudun Amurka Alysia Montano da Kara Goucher da Allyson Felix suka fallasa yadda kwantiragin kamfanonin takalma ke ba da damar rage wa mace kuɗi in ta yi ciki, sai da suka yi magana aka fara gyarawa. Kafin ki sa hannu, ki nemo sakin layin da ya faɗi abin da zai faru in kin yi ciki ko kin ji rauni, da kason da wakilinki zai cira. In ba ki gane turancin ba, ki kai wa lauyan da ba wakilin ne ya kawo shi ba.