Asabar: babin ɗan Fotugal a yaƙin basasar Sifaniya

Tun bayan sallar asuba nake kan babi na huɗu na ƙagaggen labarin da wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo in duba. Jarumin ɗan Fotugal ne da ya yaƙi sojojin Janar Franco, jagoran 'yan tawaye, a 1936. Alƙalaminta da zaƙi, amma hanyar da ta bi da shi ba ta zauna ba. Ta kai shi Paris, ta haurar da shi duwatsun Pyrenees, ta sauke shi Albacete cikin rundunar 'yan sa-kai na ƙasashen waje. Wannan ai hanyar mutanen Ingila da Amurka ce. Yawancin 'yan Fotugal ɗin da suka ɗauki bindiga yaƙin ne ya same su a Sifaniya: 'yan ci-rani masu haƙar ma'adinai da leburori, sai 'yan siyasar da suka gudo daga mulkin Salazar a Fotugal. Ta ƙungiyoyin ƙwadago irin su CNT da UGT da yawa suka shiga fagen daga.

In kuwa ta dage sai ya tsallako iyaka daga garin Elvas na Fotugal, to ya zama kafin 14 ga Agusta 1936, ranar da Badajoz, birnin Sifaniya da ke tsallaken iyakar, ta faɗa hannun Yagüe, kwamandan Franco. Bayan nan hannun maƙiya zai faɗa, ga shi hukumomin Fotugal na miƙa wa 'yan Franco waɗanda suka tsere.

'Yan sandan cikin Fotugal ta kira su PIDE. Sunan bai zo ba sai 1945, a lokacin PVDE ne. Ta kuma ba shi bindigar Mosin ta Rasha a watan Agusta, alhali makaman Sobiyet sai kaka suka fara isowa. Mauser ta Sifaniya zai riƙe, mai harsashi milimita 7, biyar a ciki. Harsashin Mosin 7.62 ne, ba ya shiga Mauser. Akwatin harsashin da bai dace ba a bakin daga, shafi guda ne mai kyau da ta bari ya wuce.

Shawarar da na rubuta mata a gefe: ta ƙirƙiro masa yaya sojan ruwan Fotugal, cikin waɗanda suka yi bore a kogin Tagus, a Lisbon, ranar 8 ga Satumba 1936, aka kwashe wasunsu zuwa sansanin fursunoni na Tarrafal a tsibiran Cape Verde. Gobe babi na biyar, sansanin 'yan gudun hijira na rairayin Argelès a Faransa, Fabrairun 1939, inda ɗan Fotugal ba shi da gidan komawa sai kurkuku.