Asabar ɗin da na bar yara suna jira

Ni akanta ce a wani kamfani. Litinin zuwa Juma'a ina ofis, ranar Asabar da safe ina koya wa yara goma sha biyu lissafi kyauta, da daddare kuma ina kan 'yar sana'ata ta rubuta wa ƙananan 'yan kasuwa littafin shige da ficen kuɗinsu. Ana cewa taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa uku na cusa a baki, kuma na daɗe ina ganin ina iyawa.

Wani ƙarshen wata ne ya nuna mini iyakata. Lissafin kamfani ya ƙi daidaita, shugabana ya ce mu shigo ranar Asabar mu rufe shi. Na shiga tun bakwai, kaina ya ɗau zafi, ban tuna da yaran nan ba sai bayan azahar. Ko waya ban yi ba.

Mako na gaba bakwai kawai suka zo. Wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, ta miƙo mini littafinta. Ta cika shafi uku da lissafin rabawa, wanda ta ba kanta tana zaman jirana, har da gurbin da ta bari a gefe don in sa mata maki. Ba ta yi ƙorafi ba. Cewa kawai ta yi, "Malama, sati mai zuwa za ki zo?"

Abin da na fara yi shi ne saya musu littattafai da alƙaluma, don in wanke laifina. Ina biyan kuɗin na gane kuskurena. Kuɗi cikin minti ɗaya ake tura shi ta waya, mutum ya ji ya yi alheri. Lokaci kuwa da zarar ka yi alkawarinsa ya zama bashi, kuma mai binka bashin yana zaune a kan benci yana duban ƙofa. A 2010 manyan masu kuɗin Amurka Bill Gates da Warren Buffett sun fara kiran attajirai su yi alkawarin kyautar da fiye da rabin dukiyarsu. Madalla da su. Ni dukiyar da yaran nan ke buƙata a wurina safiyar Asabar ce.

Tsarin Salesforce, wani kamfanin manhajar kwamfuta na Amurka wanda aka kafa a 1999, shi ya ba ni dabara. Tun yana ƙarami ya ware kashi 1 cikin 100 na hannun jarinsa, da na kayansa, da na lokacin ma'aikatansa don taimakon al'umma. Idan mutum yana aikin awa 2,000 a shekara, awa 20 ke nan kacal. Kaɗan ne, amma an rubuta shi tun kafin hidima ta yi yawa. Sana'ata ke nan, kasafi, amma ban taɓa yi wa kaina ba.

Na zauna da awa 168 na mako, na fitar da barci da ofis da iyali, abin da ya rage bai kai yadda nake zato ba. 'Yan kasuwa tara nake wa aiki, na sallami biyar, kuma ya yi mini ciwo domin kuɗin na da amfani. Na gaya wa shugabana komai, har da sana'ar, na tabbatar masa ba na taɓa ta da kwamfutar kamfani. Abin taimako kuma ranar albashi nake cire shi. Asabar ɗin ƙarshen wata wata ƙawata ce ke riƙe ajin, yaran sun sani tun farko.

Yanzu su goma ne. Biyun da suka rage na aika wa iyayensu saƙo sau biyu, gobe zan je da kaina.