Idan Aka Kwafi Rami, Ina Awonsa Yake Zuwa?

Aikinmu a nan Damagaram zanen ƙarfe ne a kwamfuta. Masu walda na Zango da Sabon Gari, masu gyaran injin niƙa da na ban ruwa, su ne mutanenmu. A kawo mana karyayyen ƙarfe, ko zanen hannu a bayan takardar siminti, mu auna, mu gina siffarsa a manhajar zane ta SolidWorks, mu fitar da takardar da maƙeri zai bi ba tare da ya kira mu a waya ba.

Wurin ciniki akwai maganar da ba ta ƙarewa: "Malam, ai rami ɗaya ka zana, sauran ukun kwafi ne, kwamfuta ta yi maka." Nakan ce, Alhaji, ai a kwafin nan aikin yake.

Rami a jikin faranti yana da awo iri biyu. Akwai na kansa, wato faɗinsa da zurfinsa, a ce milimita 12. Akwai kuma na mazauninsa, a ce milimita 30 daga wannan gefe, 40 daga wancan. Idan ka kwafe shi ka kai wata fuska, awon kansa yana bin sa. Na mazauni kuwa a jikin tsohon gefe yake ɗaure, kuma gefen bai taho tare da shi ba. Nan SolidWorks za ta tambaye ka, a goge waɗannan awo ne ko a bar su a rataye. Wanda aka bari a rataye sai ya koma launin ƙasa-ƙasa, lambar tana nan amma ba ta riƙe da komai, kamar akuyar da ke yawo da igiya a wuya bayan an tumɓuke turken. Dole ka kama kowane ɗaya ka ɗaura shi a sabon gefe. In kuwa gogewa ka zaɓa, ramin ba shi da mazauni sai ka sa masa sabon awo.

Kuma kwafi ba ya jin maganar uwarsa. Ka mayar da ramin farko 14, na kwafin yana nan a 12, sai fa in ka haɗa su da lissafi guda tun farko. Shi ya sa idan ramukan noti huɗu ne iri ɗaya, ba ma kwafarsu ɗaya-ɗaya. Jerawa muke yi daga rami guda, ko mu juya shi ta madubi, domin a taɓa na farko duka su bi, a takarda kuma a rubuta awon sau ɗaya: rami 4, faɗi 12.

Malamin da ya koya mini zane a kan allo da fensir, Allah ya saka masa, ba ya yarda ka rubuta lamba sai ka nuna masa daga ina ta tashi, ina ta tsaya. Ya kan ɗora yatsa a kan layin, ya jira. Lokacin ko kwamfuta ba mu taɓa ba. Yau ni ma haka nake tsayawa a kan yaran shagona.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu araha. A AutoCAD, wata manhajar zane, awo yana ɗaure da zane, ka ƙara tsawon layi lambar ta sauya da kanta, kuma in ka kwafi zanen tare da awonsa, ɗaurin yana bin sabon. Su kuwa sai su ɗauki zanen ƙofar wani, su share lambar gaskiya su buga tasu da hannu. Takarda ta ce 900, layin da ke ƙarƙashinta 800 ne. Mai walda ya yanka tol mai tsada, noti ya ƙi shiga, sannan a ce masu kwamfuta ba su iya aiki ba, a haɗa har da mu.

Mu kafin takarda ta fita, sai mun ƙara faɗin farantin da gangan mu ga abin da zai faru. Ramin da ya kamata ya matsa ya matsa, wanda ya kamata ya tsaya ya tsaya, babu awo mai launin ƙasa ko ɗaya. Sannan mu mayar da shi yadda yake mu buga. In kana da tsohon zanen da ba ka amince da lambobinsa ba, kawo fayil ɗin a filashi, mu yi masa wannan gwajin a gabanka.