Darussan Zaɓen Kwanon Baƙin Mai Wajen Tada Injin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya daɗe yana haɗa injinan tsofaffin motoci ya san inda hankali ke fara tafiya: fistin, karanshaf, mital, kan inji. Kwanon baƙin mai da ke ƙarƙashi sai an zo rufe inji ake tunawa da shi, sau da yawa ma wanda aka samu a kusa ake ɗauka. Babban darasin da aikin nan ke koyarwa shi ne, sunan inji kaɗai bai isa a sayi kwano da shi ba. Dole kwanon ya dace da bulok ɗin injin, ya dace da jikin motar da za a ɗora shi, ya kuma dace da bututun da ke zuƙo mai. In ɗaya ya saɓa, ko dai mai ya riƙa ɗiga, ko injin ya ƙi zama a mazauninsa, ko kuma ya buga.

A ɗauki ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fara fitowa a 1955. Mutum zai ce injinsa 350 ne, wato girman cikin silindojinsa a ma'aunin inci kubik, ya ɗauka ya gama bayani, alhali da saura. Har zuwa 1979 sandar awon mai tana ɓangaren hagu ne, wato gefen direba a motocin Amurka. Daga 1980 aka mayar da ita dama. A 1986 kuma aka sauya sil ɗin bayan karanshaf daga mai ɓari biyu zuwa guda ɗaya zagayayye, sai bayan kwanon ya canza fasali. Ke nan kwano iri uku ne a ƙalla, kuma ba sa musaya. Tsohuwar mota kuwa ba kasafai ake samun ta da injinta na asali ba, don haka shekarar da ke jikin takarda ba hujja ba ce. A goge bulok, a karanta lambar da aka zuba a bayansa, a ga da ido gefen da ramin sandar yake da irin sil ɗin da ke baya.

Akwai wani ƙaramin bambanci da ke wahalar da mutane sosai a wannan injin, shi ne robar gaban kwano. Wajen 1975 aka koma daga siririya zuwa mai kauri. Ganewa ba wuya: a gitta miƙaƙƙen ƙarfe a kan leɓen kwanon daga gaba, a auna zuwa ƙasan lanƙwasar da ke rungumar murfin taimin. In an samu inci 2 da kwata, kimanin milimita 57, siririyar roba yake so. In inci 2 da 3/8 ne, kimanin milimita 60, mai kauri ce tasa. Milimita 3 kacal ke tsakani, amma siririyar roba a kwanon mai kauri ba za ta taɓa riƙe mai ba, ko da an shafe ta da gam.

Daga nan sai jikin mota. Kowane kwano yana da wuri mai zurfi inda mai ke taruwa, a gaba ko a baya, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne inda ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji da sandunan sitiyari suka bi. Yawancin motocin Chevrolet zurfinsu a baya yake, amma Chevy II ta 1964 zuwa 1967 mai V8 a gaba nata yake. A wajen Ford, Mustang mai injin 289 ko 302 ta 1965 zuwa 1973 zurfin gaba take amfani da shi, sandar awo kuma a murfin taimin. Mustang ta 1979 zuwa 1993 kuwa kwano mai tozo biyu gare ta, da notin juye mai biyu. Wanda ya ciro injin ƙarshen shekarun 1980 zai sa a motar 1966 sai ya canza kwano, da bututun zuƙa, da murfin taimin mai ramin sanda, ya kuma toshe ramin sandar da ke jikin bulok. Kwanon 351 Windsor ma ba ya hawa 302, duk da kamar da suke yi a ido.

Inda ya fi cancantar a ɓata lokaci shi ne tazarar da ke tsakanin rariyar bututun zuƙa da ƙasan kwano. Abin da ake nema shi ne milimita 6 zuwa 10. In ta matse fiye da haka, famfon mai ba ya samun isasshen mai idan inji ya ɗau wuta, sai ya fara jan kumfa. In ta yi nisa, da zarar an taka burki da ƙarfi ko an sha kwana, mai ya gudu gefe guda, rariya ta zuƙi iska. Mital ba ya jure ko da daƙiƙoƙi kaɗan babu mai, kuma direba ba zai ga komai ba sai ƙiftawar fitilar mai, in ma ya lura.

Awon ba ya buƙatar kayan tsada. A rufe fuskar rariyar da leda ko salatif don kada datti ya shiga, a ɗora ɗan curin yumɓun wasan yara mai tsayin kamar santimita 2, a shafa ɗan mai a cikin kwanon don kada ya manne. A sa gaskit ɗin da za a yi amfani da shi, domin kaurinsa yana cikin lissafi, a ɗaura kwano da noti huɗu ko shida, sannan a kwance. Kaurin yumɓun da ya baje shi ne tazarar. A injin Chevrolet bututun cusa shi ake yi cikin famfo, kuma girgiza kan sa ya juya ko ya fice, don haka bayan an daidaita shi a ɗiga masa walda ko a sa masa mariƙi. Kafin walda a cire sufirin ɗin da ke cikin murfin famfon, zafi yana kashe masa ƙarfi.

In an ƙara wa inji tsawon bugu, kamar 350 da aka mayar 383 da karanshaf mai inci 3.75 a madadin 3.48, notin konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, na iya taɓa gefen kwano. A ɗaura kwanon, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a kasa kunne, a kuma duba ko akwai ƙarzuwa a ciki. Kwano mai zurfi da ke ɗaukar ƙarin mai yana da amfani, amma ra'ayina kada ƙasansa ya sauko ƙasa da ƙarfen gitta, domin shi zai fara cin karo da tudun hanya. In ana son ƙarin mai, gara mai faɗi ta gefe, muddin bai taɓa salansa ko sitata ba. Kwanon da ke da shinge a ciki mai hana mai gudu ya fi wanda babu.

Tsohon kwano na asali, in bai ruɓe ba, sau da yawa ya fi sabo mai ƙyalli da aka buga da siririn ƙarfe. Ciwonsa guda ne, leɓe. Shekaru ana matse noti fiye da kima, bakin kowane rami ya tasa sama, sai ya zama gaskit na matsuwa a wurin noti kawai, tsakaninsu kuma a sake. A ɗora leɓen a kan katako mai ƙarfi, a mayar da kowane rami da ƙaramar guduma, a gwada da miƙaƙƙen ƙarfe. A wanke ƙarƙashin shingen ciki sosai, nan ne garin tsohon mital ke maƙalewa. A duba zaren notin juye mai. A zuba kananzir a bar shi ya kwana, tsagewar da ido bai gani ba za ta nuna kanta.

Wajen ɗaurawa, gam a kusurwoyi huɗu kawai ake sa wa, inda bulok ya haɗu da murfin taimin da mazaunin mital na baya. Wanda ya yi yawa yakan ɓalle ya toshe rariya. A fara ɗauri daga tsakiya zuwa waje, zagaye biyu. A ƙaramin Chevrolet ƙananan notin kusan 9 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) suke so, manya huɗu na kusurwa kusan 19 Nm. In gaskit na toto ne, a sake bin su bayan inji ya yi zafi ya huce.

Saura sandar awo. Da zarar an canza kwano, alamar da ke jikinta ta zama abar tuhuma. A zuba adadin da aka ƙayyade wa kwanon da filta, a asalin ƙaramin Chevrolet kusan lita 4.7 ne gaba ɗaya. A tada inji na ɗan lokaci, a kashe, a jira minti 10 a wuri mai daidai, a ga inda mai ya tsaya. In bai faɗa kan tsohuwar alama ba, a ƙarta sabuwa a nan. Ƙara mai don ya kai tsohuwar alama zai sa karanshaf ya riƙa dukansa yana mayar da shi kumfa, zafi ya ƙaru, matsin mai kuma ya sauka.